Bindiga A Cikin Bariki: A Kafaɗar Soja Ko A Ma'ajiya?

A jawabin da ya yi wa matasa a Mungadi, Malam ya amsa tambayar ko ya dace kowane soja ya riƙa yawo da bindiga a cikin bariki.

Ya ce masu goyon baya suna kafa hujja da harin da 'yan bindiga suka kai makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a watan Agustan 2021, inda suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya.

Amma Malam ya tunatar da abin da ya faru a barikin Maimalari, Maiduguri, a watan Mayun 2014, lokacin da sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan sun ga gawarwakin abokan aikinsu. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta musu.

Don haka, in ji shi, masu gadi su kwana da makami, saura a kulle a ma'ajiya. Ya ƙara da cewa sojan da manyansa suka zalunta, bindigarsa haɗari ce ga kowa, shi ya sa adalci ne kan gaba wajen tsaron bariki.