Yaro ya karanta Ingilishi, amma ya gane abin da ya karanta?

Wannan jawabi ne da aka gabatar a Maraɗi, gaban iyayen yara, malaman kwaleji da 'yan kasuwa, a kan halin da karatun Ingilishi yake ciki a makarantun ƙasa. Ga shi kamar yadda aka karanta shi.

 

A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Cikin wannan wata ne kuma Nijar ta bayyana ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. An yi ta muhawara a rediyo da majalisun shayi, wasu na murna, wasu na ɗari-ɗari. Sai dai akwai tambayar da aka tsallake: cikin yaran da suka share shekara huɗu suna koyon Ingilishi daga siziyem har birbe, ko bakwai har bak, nawa ne za a miƙa wa wasiƙa shafi guda su faɗi abin da ta ƙunsa? Sa hannu guda ya isa ya sauya matsayin harshe cikin doka, amma kafin harshen ya shiga ofis da kasuwa, sai an samu masu gane shi a rubuce.

ASARAR DA AKE YI SHIRU

Kowa a Maraɗi ya san wannan labari ko irinsa. Alhaji ya samu takardar kaya daga Kano, Legas ko Dubai, ya kira ɗansa mai birbe ya ce: «Karanta mini.» Yaro ya karanta tiryan-tiryan, murya tar, har uban ya ji daɗi. Sai ya ce: «To, me suka ce?» Nan fa ɗaki ya yi tsit. Ƙarshenta alhaji ya ɗauki takarda ya kai wa wani a waje, ya biya kuɗin fassara, ya kuma tona wa baƙo asirin cinikinsa.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin yaron ya san bai gane ba. Wanda ya fi haɗari shi ne mai zaton ya gane. Wanda ya tashi da Faransanci in ya ga 1,500 sai ya ɗauka ɗaya da rabi ne, alhali a Ingilishi dubu ɗaya da ɗari biyar ake nufi, domin waƙafi da ɗigo sun yi musayar aiki tsakanin harsunan biyu. Abin da Bafaranshe ke kira milliard, shi ne billion a Ingilishi. In takarda ta fito daga Amurka ɗauke da 03/04, ranar 4 ga Maris ake nufi. In daga Ingila ko Najeriya ta fito, 3 ga Afrilu ce. Cikin yarjejeniya, may na nufin mutum yana da zaɓi, shall kuwa tilas ce. Kwalin magani da na maganin ƙwari da ke shigowa ta Ɗan Isa, Ƙonni da Magarya, da yawansu da Ingilishi aka rubuta yawan abin da za a sha ko a fesa, da ranar da zai lalace. Kuskure a irin wannan wuri yakan ci dukiya, wani lokaci ya ci rai.

Ƙasar da ta raba iyaka ta kimanin kilomita 1500 da Najeriya, wadda ake shimfiɗo mata layin dogo daga Kano tun da aka aza harsashinsa a 2021, wadda 'ya'yanta ke zuwa Indiya neman lafiya, Sin sayen kaya, Gana da Najeriya neman ilmi, ba za ta ɗauki wannan magana da wasa ba.

KARATU ƘAFA BIYU GARE SHI

A 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, suka taƙaita al'amarin cikin lissafi mai sauƙi. Suka ce gane rubutu yana fitowa ne daga abu biyu: iya mayar da baƙaƙe su zama kalma, da kuma sanin harshen da kalmomin suke ciki. Kuma ninka su ake yi, ba tarawa ba. In ɗaya sifiri ne, sakamako sifiri ne. Ɗan alhaji yana da ƙafar farko, ta biyun ce ta gurgunce.

Ita ma ƙafar farkon ba kowa ke da ita ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara goma da ke ƙare firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke ba ya kai matakin da ake buƙata a karatun Faransanci. A na 2019 abin ya gyaru zuwa kimanin uku cikin goma. Ke nan mushen Ingilishi na siziyem yana karɓar aji wanda yawancinsa bai saba fitar da ma'ana daga takarda ba, ko da wane harshe. Yaro yana tunani da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Kanuri ko Tamashek. An koya masa baƙaƙe da Faransancin da bai ƙware ba. Yanzu kuma ga harshe na uku, wanda ke da baƙaƙe 26 amma sautuka kusan 44. Kalmomi uku kamar though, through da enough ƙarshensu ɗaya ne a ido, amma kowace da furucinta.

Duk da haka Faransanci jari ne a hannun ɗan Nijar, in an nuna masa yadda zai juya shi. Tun da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, shi ya sa nation, important da government ba baƙi ba ne ga ɗan lakkol. Sai dai cikin dangin akwai masu kama da juna a fuska kawai: library ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba, actually na nufin «a gaskiya», ba «a yanzu» ba. Malami nagari yakan ware wa ɗalibansa shafi cikin kaye domin irin waɗannan, yana ƙara su ɗaya bayan ɗaya.

KALMA NAWA CE TA ISA?

Wani Bature mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilmi a Bengal zamanin mulkin Ingila a Indiya, ya lura cewa littattafan da ake ba yara sun fi ƙarfinsu, sai ya shiga rubuta labarai da kalmomi ƙididdigaggu. A 1953 ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2000 da aka fi amfani da su. Waɗannan kaɗai sukan cike kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Daga baya, a shekara ta 2000, Hu da Nation na Niyuzilan suka nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya gane shi ba da taimakon kowa ba.

'Yan kasuwa sun fi kowa iya wannan lissafi. A ɗauki shafi mai kalma 300, layi 30. In yaro ya san kashi 98, kalma shidda ce kawai baƙuwa gare shi, kuma maƙwabtanta za su nuna masa ma'anarta. In ya san kashi 90, baƙin sun zama 30, wato kowane layi da nasa. A nan yaro yakan daina bin labari ya koma farautar kalmomi cikin ƙamus, kafin ya kai ƙasan shafi ya manta samansa. Saboda haka ba wa ɗan sankiyem rubutu mai tsauri domin a ce makaranta tana da zafi, ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi ne. Rubutun da ya dace shi ne wanda yaro ke ratsawa yana ɗan tuntuɓe, ba wanda ke tsayar da shi cak ba.

DARASI DAGA TSIBIRIN FIJI

A farkon shekarun 1980, Elley da Mangubhai suka gwada wata dabara a makarantun ƙauye na Fiji, inda yara ke magana da harshen gida suna koyon Ingilishi a aji, kamar yaran Nijar. Suka zuba wa azuzuwa littattafan labarai masu hotuna kimanin 250, aka keɓe rabin sa'a ko ƙasa da haka kowace rana domin karatu: wasu azuzuwan malami na karantawa tare da yara, wasu kowa na karanta nasa shiru. Bayan wata takwas, ci gaban waɗannan yara wajen gane abin da suka karanta da abin da suka saurara ya ninka wanda aka saba gani. An wallafa sakamakon a 1983. Babu kwamfuta a ciki, babu ƙwararren da aka yi hayarsa daga Turai. Malaman ƙauyen ne da littattafai da lokaci.

A yawancin kwalejojin Nijar kuwa, Ingilishin da yaro ke gani a mako bai wuce abin da mushe ya rubuta a allo aka kwafa ba, sai littafi guda da ɗalibai uku ko huɗu ke leƙe. Ana cika masa kai da jerin aikatau da dokokin nahawu, ya haddace domin jarrabawa, ya zubar bayanta. Ba a koyon iyo a tudu.

ABIN DA MALAMI ZAI IYA, KO DA AJI YA CIKA

Kafin a buɗe rubutu, malami ya yi minti biyar yana tono abin da yara suka riga suka sani a kan batun, ko da da Hausa ne, ya kuma koyar da kalma biyar ko shidda da labarin ya rataya a kansu. Yaron da ya san kasuwar dabbobi zai fi saurin gane shafi a kan kasuwar dabbobi fiye da shafi a kan ƙanƙarar Landan.

Lokacin karatu, akwai dabarar da Palincsar da Brown suka bayyana a 1984, wadda ta dace da aji mai ɗalibai tamanin. A raba yara rukuni-rukuni, kowane da aikinsa: ɗaya ya yi hasashen abin da zai biyo baya, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya warware wurin da ya cije, ɗaya ya taƙaita sakin layin cikin jimla guda. Gobe su yi musaya. Malami ne zai fara nuna musu yadda ake yi, yana faɗin tunaninsa a fili, sannan ya ja da baya.

A kuma kula da ƙananan kalmomi, domin su ne ke riƙe da ragamar jimla: but, although, unless, because. Yaron da ya tsallake unless ya juya ma'anar sharaɗi gaba ɗaya. Haka nan duk inda aka ga he, it ko they, a tambaye shi: wa ake nufi?

Bayan karatu, a rage tambayoyin da ake amsawa ta hanyar kwafo layi daga rubutu, domin yaro mai wayo yakan ci su duka bai gane kome ba. A tambaye shi dalili, a tambaye shi abin da marubuci ya nufa bai faɗa ba. Gwaji mafi gaskiya kuwa shi ne na alhaji: rufe takarda, faɗi da Hausa abin da ta ce. Zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya don ya yi harshen uwarsa a lakkol ya wuce. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, ƙasar nan ta san cewa harshen gida tsani ne na hawa wani harshe.

KOWA DA NASA KASO

Gwamnati ce ke da kaso mafi girma. 'Yan sa kai na Amurka da suka fara zuwa a 1962, waɗanda wasunsu suka koyar da Ingilishi a kwalejoji, sun tattara sun tafi a 2011. Tun ƙarshen shekarun 1990 kuma aka jingina makaranta a kan 'yan kwantaragi, da yawansu ba su samu horon koyarwa mai zurfi ba. Hukumar da ta kira Ingilishi harshen aiki, wajibinta ne ta horar da malamansa, ta biya su a kan kari, ta sa littafi a hannun kowane ɗalibi, ta kuma sa jarrabawar birbe ta auna ganewa fiye da hadda, domin abin da jarrabawa ke tambaya shi malami ke koyarwa.

Alhazan kasuwa na da abin da gwamnati ba ta da shi, wato mota mai zuwa Kano da Katsina kowane mako, inda ake sayar da ƙananan littattafan labarai na 'yan firamare. Kwali guda a bayan buhunan kaya ya isa ya buɗe wa aji ɗaya akwatin karatu. Ƙungiyar iyayen yara ta sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo, ta naɗa ɗalibi mai rubuta wanda ya ara da wanda ya mayar.

Uwa da uba kuwa, ko ba su taɓa zama a lakkol ba, suna da iko a kan minti ashirin bayan sallar isha'i. Wayar da ke hannun yaro tana iya ɗaukar labari kamar yadda take ɗaukar waƙa. A sa shi ya karanta abin da ke jikin kwalin madara, ko labari daga littafin aro, sannan a ce masa: «Ba ni labarin.» In ya kasa yau, a sake tambaya gobe. Mai fassara na cikin waya yana taimako, amma wanda bai iya karatu ba ba shi da hanyar sanin ranar da injin ya yi kuskure, kuma ba inji ne zai biya asarar ba.

Buɗe makarantu na zuwa kowace shekara, kuma kowace kwaleji da ke da wakili a wannan zama tana iya fara shekarar da akwati guda a ajin siziyem.