Wanda Aka Hana Biza a Njamena, Ina Zai Kai Kukansa?



Tambayar da na zo da ita gajeriya ce: mutumin da aka hana biza a ofishin jakadancin Amurka da ke nan Njamena, gaban wane alƙali zai tsaya?

Ranar 24 ga Satumba 2017 Shugaba Trump ya saka Chadi cikin ƙasashen da ya rufe wa ƙofa. Abin ya ɗaure wa mutane kai, domin a wannan birni hedkwatar rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram take. Daga baya aka ji ɗaya daga cikin dalilan: an nemi Chadi ta miƙa samfurin fasfonta, ita kuwa takardar buga fasfo ta ƙare mata a lokacin.

An yi shari'a, amma ba daga nan aka shigar da ita ba. Jihar Hawaii ce ta kai ƙara, tare da wasu mazauna Amurka da aka raba da danginsu. A watan Oktoba alƙali Derrick Watson ya dakatar da dokar. A Disamba Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da aiki da ita. Ranar 26 ga Yuni 2018 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ba shugaban ƙasa gaskiya. Kafin nan, tun 10 ga Afrilu, an riga an cire sunan Chadi ta hanyar tattaunawa tsakanin gwamnatoci. Wato dai ba kotu ce ta fitar da Chadi ba.

Wanda ya taɓa raka ɗalibi ofishin jakadancin ya san yadda abin yake. Sai ɗalibin ya biya kuɗin da ba a mayarwa, ya tsaya a taga da takardunsa a jakar roba, cikin 'yan mintuna a turo masa takardar ƙi. A tsarin Amurka, da wuya kotu ta taɓa hukuncin jami'in biza. A 2024 ma Kotun Ƙoli ta ce ko Ba'amurkiyar da aka hana mijinta shiga ba ta da haƙƙin da tsarin mulki ya ba ta na a shigo da shi.

A Yuni 2025 sunan Chadi ya dawo cikin ƙasashe 12 da Amurka ta rufe wa ƙofa, washegari Shugaba Mahamat Idriss Déby ya dakatar da ba Amurkawa biza. Ramuwar ta sanyaya zukata, ban musa ba, amma ɗalibin nan yana gida.

Sai mu waiwayi namu gidan. Dokar mafaka ta Disamba 2020 da hukumar 'yan gudun hijira ta CNARR sun buɗe wa wanda aka hana mafaka ƙofar ɗaukaka ƙara. Sai dai masuncin da ya gudo daga Baga a 2015, wanda Hausa da Kanuri kawai yake ji, takardar da za a miƙa masa da Faransanci ko Larabci take. Shawarata ga lauyoyin da ke zauren nan ita ce su fara da neman tafinta a ranar da ake karanta masa hukunci.