Jitar Agadas da Mutanen da Suka Yi Dakonta

 

An nemi in yi magana a kan waƙar gargajiya a wannan zamani, irin wadda mutum zai tsara baitinsa da kansa, ya ɗauki abin kiɗansa, ya rera da bakinsa. Na zaɓi in kai ku arewa da mu kaɗan, wajen maƙwabtanmu Abzinawa, mu duba kiɗan jita na Agadas da Kidal. Zan ambaci mawaƙan, amma hankalina ya fi karkata ga masu sauraro, domin su ne suka yi wa wannan kiɗa aikin da gidan rediyo da kamfanin faifai suka yi wa wasu.

Farin da aka yi a 1973 da 1974 ya ƙarar da dabbobin makiyayan Sahara, samarinsu suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka. A Tamanrasset, wajen ƙarshen shekarun 1970, wani matashi mai suna Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen Mali na 1963 yana ƙaramin yaro, ya haɗu da wasu 'yan uwansa 'yan gudun hijira suka fara kiɗa. Su ne daga baya aka sani da Tinariwen. A shekarun 1980 da yawansu sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi. Abin da suke rerawa kewar gida ce, da ƙishirwa, da wulaƙancin zama a ƙasar wani, da kira ga jama'arsu su farka. Jitar baƙuwa ce, amma amon da ke ƙarƙashinta na gida ne: bugun tende, wato turmin da ake rufe wa baki da fata mata su kaɗa, da tafi, da amshi.

Babu gidan rediyon gwamnati da zai sa irin wannan waƙa. To yaya aka yi ta kai Arlit da Agadas da Cintabaraden? Mutum zai kawo kaset ɗin da ba a ɗauki komai a kai ba, makaɗan su kaɗa masa, ya tafi da abinsa. Shi kuma ya ba wani ya kwafa a rikoda mai baki biyu, wannan ya ba direban babbar mota, direba ya sauke shi a wani gari. Kowane kwafi sai sauti ya ƙara dushewa, amma ba wanda ya damu. Da tawayen Abzinawa ya ɓarke a 1990, kama mutum da wannan kaset a shingen sojoji yana iya jawo masa wahala, kuma duk da haka mutane suka ci gaba da ɓoye shi a cikin kayansu. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ya yi shekaru ana jin muryarsa a ɓoye, sai bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ya samu yin wasa a fili. Ina so ɗalibanmu su lura da wannan: waɗanda suka ɗauki kasada domin waƙar nan ta rayu sun fi waɗanda suka rera ta yawa nesa ba kusa ba, kuma ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba.

Da ƙura ta lafa, kiɗan ya samu gida a wajen biki. A Agadas, idan ana ɗaurin aure ko suna, akan shimfiɗa tabarmi da darduma a fili ko a bakin titi, a tada janareta, a jona lasifika biyu ko uku da suka sha ƙura. Makaɗa su tsaya a gefe guda da rawunansu, mata su zauna a jere cikin kwalliya, yara su cika bayan fage. Ba a cincirindo a tsakiya. Mutum biyu ko huɗu ne za su fito su taka, su koma, wasu su fito. Mai jita yana kallon ƙafafunsu. Idan ya ga rawa ta yi sanyi sai ya ƙara wuta, mai ganga ya bi shi, mata su rangaɗa guɗa, a taso a yi liƙi. Waƙar da aka san ta da gajarta sai ta miƙe, domin masu rawa ba su ƙoshi ba. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, wadda 'yan gida ɗaya suka kafa a 1995, ta yi shekaru fiye da ashirin tana cin abinci da bukukuwan unguwannin Agadas kafin a san ta a Turai. Duk ƙwarewar da Bature yake mamaki a yau, a irin wannan fili aka koye ta, gaban mutanen da ba sa ɓoye gajiyarsu idan makaɗi ya gaza.

Sai waya ta zo, kuma a nan labarin ya ratso ta ƙofar gidanmu. A 2008 wani matashi ɗan yankin Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya shiga situdiyo. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba sa son harkar kiɗa. A Sakkwato aka ɗaukar masa waƙoƙin da ya kira Anar, da irin kayan aikin da ake yi wa waƙoƙin finafinanmu: kiɗan kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa. Ba a kai su kasuwa da sunan wani kamfani ba. Memori ne ya ɗauke su. Samari a majalisar shayi za su kusanto da wayoyinsu, a kunna bulutut, kafin a zuba kofi na biyu waƙa ta koma wayar wani. Masu turi a bakin kasuwa su ma suna zuba wa mutum ɗaruruwa da kuɗi kaɗan. Haka waƙar da aka ɗauka a Sakkwato ta isa Kidal, a arewacin Mali.

A can wani Ba'amurke daga Portland, Christopher Kirkley, yana tattara abin da mutane ke ji a wayoyinsu. A 2011 ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones, da waƙar Mdou mai suna Tahoultine a ciki. Wahalar da ya sha ita ce gano masu waƙoƙin domin ya biya su, saboda a hanyar turi suna ne abu na farko da ke faɗuwa. Wannan shi ne aibin hanyar, kuma bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Mai turi ya samu na cefane, mai waya ya ji daɗi, wanda ya kwana yana tsara baiti ko sunansa ba a sani ba. Abin da ya ceci mawaƙan Abzin shi ne cewa turi talla ce kawai a wajensu, abincinsu yana wajen biki. Shi dai wannan Kirkley, a 2013 ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, kuma a 2015 shi da Mdou suka yi fim a Agadas da harshen Tamashek na Abzinawa, suna bin sawun fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012 da faifansu Tassili, a shekarar da masu ɗauke da makamai suka hana kiɗa a arewacin Mali, aka kuma yi bikin kiɗan hamada na Tumbuktu karo na ƙarshe. Bombino, ɗan Agadas, wanda tawayen 2007 ya kora zuwa Burkina Faso, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin garin a 2010, daga baya faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Fatou Seidi Ghali, daga ƙauyen Illighadad, ta koyi jita da ta ɗan'uwanta, ta kafa ƙungiyar mata, faifansu na farko a 2016 rabi jita ne rabi tende, a fili aka ɗauke shi.

Masoyan ƙasashen waje ina ganin girmansu. Lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, Mdou da abokan kiɗansa suna Amurka suna wasa, aka rufe iyakoki, suka maƙale. Masoyansu ne suka yi karo-karo ta intanet aka samu na masauki da abinci har hanya ta buɗe. Wannan zumunci ne na gaskiya. Amma akwai abin da ke damuna. Yawancin masu cika zaurukan wasansu a ƙasashen waje ba sa jin kalma ɗaya ta Tamashek. Mdou yana kuka a kan ma'adinin yuraniyom da aka yi shekaru ana haƙa a Arlit alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu, yana kiran Faransa da sunanta a faifansa Funeral for Justice na 2024, mai sauraro kuwa saurin yatsunsa yake yi wa tafi. Mawaƙin da ya daɗe yana rera wa kunnen da ba ya fahimtarsa, wata rana zai fara rage magana ya ƙara kiɗa. Abin da ke kare su daga haka shi ne komawa gida da suke yi, su kaɗa a ƙauye inda tsohuwa za ta gyara musu kalma idan sun karkace.

Yanzu in juyo gare mu. Mu ma muna da wannan gado. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya da aka yi da gwangwanin kifi, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka da matan aure magana, har ya rasu a 2015. Haruna Uji na Haɗeja ya yi da gurmi. A Nijar, Malam Maman Barka, malamin makaranta, ya riƙe gurmi, sannan ya tafi bakin tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram wajen tsohon da ya rage yana kaɗa ta, ya rasu a 2018. Ina magadansu? Ba na raina mawaƙanmu na situdiyo. Akwai masu zurfin Hausa a cikinsu, kuma kun ji da kunnenku cewa situdiyon Sakkwato ne ya fara fitar da Mdou Moctar. Amma ku duba yadda muke biki yanzu a Kano ko Kaduna ko Maraɗi. A kama zaure da kuɗi masu yawa, a ɗauko mai sa faifai, mawaƙi ya zo ya riƙe makirfo yana motsa baki a kan muryarsa da aka ɗauka tuntuni. Yaron da ya iya gurmi ko garaya ko kukuma ba shi da wurin da zai tsaya a wannan zaure, kuma idan ya je neman aure sai a ce maroƙi ne. Sannan mu zauna muna cewa kiɗan gargajiya ya mutu, kamar ba mu ne muka daina kiransa ba.

Akwai kuma batun wanda ke ciyar da mawaƙi. Idan abincinsa yana hannun ubangida ɗaya, ɗan siyasa ko attajiri, to bakinsa ma yana can, kuma mun ga haka a kowace kakar zaɓe. Mai jitar Agadas yana karɓar nasa kaɗan-kaɗan daga gidaje ɗari, shi ya sa ba wanda zai iya kiransa a waya ya ce ya cire baiti.

Roƙona biyu ne. Ga iyaye da ke nan, idan Allah ya kawo bikin 'ya'yanku, a ware wani abu daga kuɗin zaure a kira makaɗi mai rai, a ba shi lokaci da wurin zama na mutunci, a biya shi kafin ya roƙa. Ga sassanmu na nazarin harsuna da al'adu kuwa, akwai kaset-kaset a akwatunan direbobi da tsofaffin masu shaguna, akwai memori a hannun masu turi, cike da waƙoƙin da babu su a ko'ina. Kaset yana cin kansa, memori yana lalacewa ba sallama. A tura ɗalibai su kwafo su, kuma a kan kowace waƙa su tambayi sunan mai ita, da garinsu, da abin da ya kaɗa, tun masu iya ba da amsa suna raye.