Jawabin Reshe a Taron Addu'ar Marigayi Tsohon Hedimastanmu



Mun taru yau, kwana arba'in da rasuwar babanmu kuma abokin aikinmu, domin mu yi masa addu'a, mu kuma dubi amanar da ya bar mana. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Marigayi na cikin samarin da suka shiga aikin koyarwa lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, a 1976. Dattawan cikinmu sun san yadda aka yi: yara suka zo fiye da yadda aka yi zato, ajujuwa suka kasa, wasu a gindin bishiya suka fara abacada. Da takardar malanta mai daraja ta biyu ya soma, daga baya ya sami NCE ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, yana karatu yana koyarwa. Ya cika shekara 35 a bakin aiki, ya yi ritaya yana hedimasta.

Wannan shi ne aikin da aka biya shi albashi a kansa. Amma abin da ya cika wurin nan da jama'a yau shi ne aikin da ba wanda ya biya shi ko kwabo.

Bayan Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, ya buɗe ajin yaƙi da jahilci a zauren gidansa. Bayan sallar isha ake zama, da fitilar ƙwai da allo ɗaya. Teloli da mahauta da 'yan tireda sun koyi karanta wasiƙa da rubuta sunansu a zauren nan, suka daina dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba.

A 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a wannan jiha saboda shakkun da ya bazu, mutane da yawa sun rufe ƙofofinsu. Da aka dawo da aikin a 2004, marigayi bai yi wa kowa gardama ba. Autarsa ya ɗauko, ya kai ta ƙofar mai unguwa, aka ɗiga mata maganin a gaban kowa, sannan ya bi ma'aikatan gida gida. Allah Ya ja kwanansa har ya ga 2020, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Haka kuma shi ne mai kiran gayya a yashe magudanan ruwa kafin damina, shi ne kan gaba wajen gyaran maƙabarta.

'Yan'uwa, akwai masu hidimar jama'a da suke inuwar giginya, na nesa ka sha. Marigayi bai zama haka ba. Marayun ƙanensa a gidansa suka tashi, baƙo ba ya bambance su da 'ya'yan cikinsa. Kafin ya fita zaure, sai ya duba littattafan yaran gida. Kuma wajibi ne mu faɗi gaskiya: hidimar nan ba shi kaɗai ya yi ta ba. Kananzir ɗin fitila daga kuɗin cefane yake fita. Hajiya ce ta yi haƙuri da ragin, ita ce kuma ta riƙe ajin mata a cikin gida, inda maza ba sa shiga. Hajiya, mun gani, kuma Allah Ya gani.

To, ga inda maganar ta dawo kanmu. Yau kwana arba'in zauren nan yana rufe da dare, ɗalibansa kuwa suna tambaya. Ragowar haƙƙinsa na fansho bai iso hannun iyalinsa ba, ga yara ba su gama makaranta ba. Tun da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya a 1931, kula da malami da iyalinsa na cikin tushenta. In muka tsaya a kan yabo, mun ci amanar wannan tushe.

Saboda haka reshe ya yanke shawara uku. Na farko, za a sake buɗe ajin dare da izinin iyali, malamai su riƙa karɓa-karɓa. Mai niyya, namiji ko mace, ya ba sakatare sunansa kafin a tashi. Na biyu, kwamitin walwala zai bi takardun haƙƙinsa har a biya, ya kuma kawo rahoto a kowane zama. Na uku, asusun reshe zai ɗauki kuɗin jarrabawar marayun da ke hannunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa muke neman kowa ya sa nasa.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yara haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum.