Sana'ar Ƙera Haƙori: Jawabi Ga Iyayen Yara a Taron Ƙungiya



Mu dai 'yan kasuwa ne, goro muka sani, kuma karatunmu bai wuce na Islamiyya ba. To amma shugabanni sun ce mu tashi mu faɗi abin da muka gano game da wata sana'a da muke ganin ta dace da yaranmu, wato sana'ar ƙera haƙori. Ga yadda aka yi muka san ta.

Wani abokin cinikinmu ya yi haɗarin mota a hanyar Legas, haƙoransa huɗu na gaba suka zube. Mutum mai raha da iya ciniki, sai ga shi yana magana hannu a baki, goron da yake sayarwa ma ba ya iya ɓantara. Da farko ya je wurin wani mai sa haƙori a bakin hanya, saboda ya fi arha. Aka liƙa masa wasu, ba a yi wata guda ba dasashinsa ya kumbura, bakin ya fara wari. Ai kuwa arha ba ta ado. Daga nan muka ɗauke shi muka kai shi sashen haƙori na babban asibitin koyarwa da ke nan Ibadan.

A can ne muka ga abin da ba mu sani ba. Da kumburin ya saɓe, likita ya cusa masa wani abu mai laushi kamar ƙulli a baki, ya cije, siffar bakin ta fito a jiki. Sai aka ce mu je mu dawo. Muka tambaya, shin ba likita ne zai yi haƙoran ba? Aka ce a'a, akwai masu yi, suna wani ɗaki daban. Su ne za su zuba filasta a cikin wannan awo, ta daskare ta zama kamar bakin mutumin sak. A kanta za su jera haƙora cikin kaki, a gwada masa, in ya zauna daidai a mayar da kakin roba mai tauri, a dafa, a goge, a fitar da shi yana sheƙi. Ranar da aka sa masa, wallahi sai da muka ƙura ido kafin muka bambance na roba da nasa na ainihi.

To jama'a, waɗannan mutane na wancan ɗaki su muke nufi da maƙeran haƙori. Ba likitoci ba ne. Ba sa cire haƙori, ba sa allura, likita ne ke rubuto musu abin da yake so su kuma su ƙera. Aikinsu bai tsaya ga haƙoran roba ba. Suna yin hular ƙarfe ko ta tangaran da ake kifa wa haƙorin da ya lalace, irin dai yadda ake kifa haƙorin Makka da alhazanmu ke dawowa da shi. Suna yin abin da ke daidaita haƙoran yara in sun fito a karkace. Suna yin marufin ganɗa ga wanda aka haifa da ita a tsage. Waɗanda suka yi zurfi har ido da kunne da hanci na roba suke yi wa wanda haɗari ko ciwon daji ya ɓata wa fuska. A yanzu kuma wasu wuraren da kwamfuta ake zana haƙorin, inji ya sassaƙa shi.

Ina ake koyo? Tsohuwar makarantar wannan fanni ta Gwamnatin Tarayya an kafa ta a Legas a 1955, aka mayar da ita Inugu a 1982, yanzu kuma an ɗaga darajarta ta zama jami'a. Haka nan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri tana ba da digiri a kansa, karatun shekara 5. A kwalejojin da ke bin tsarin difloma kuwa, shekara 2 ce ƙaramar difloma, shekara 2 babba. Abin da ake nema ga yaro shi ne kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, wato Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, sannan ya zauna jarrabawar JAMB. In ya gama sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, wadda aka kafa da doka a 1987. Kafin uba ya biya ko kwabo, ya tabbatar wannan hukuma ta amince da makarantar, don kada yaro ya ƙare da takardar da ba za ta ba shi lasisi ba.

Me ya sa muka ce ta dace da mu? Na ɗaya, aikin hannu ne, mu kuwa jikokin maƙera ne da dukawa da maɗinka. Yaron da ke iya zama ya yi wa hula aiki zare bayan zare, yana da haƙurin da ake bukata. Na biyu, mun san wahalar da yaranmu haifaffun nan ke sha wajen neman aikin gwamnatin jiha saboda takardar shaidar asali. Mai wannan sana'a zai iya aiki a asibitin tarayya, ko na soja, ko na kuɗi, in ya samu jari kuma ya buɗe wurinsa likitoci su riƙa aiko masa da aiki. Na uku, aikin zaune ne a ɗaki, ya dace da 'ya'yanmu mata ƙwarai.

Ba za mu ɓoye muku wahalarta ba. Kayan aiki na da tsada, galibinsu daga waje ake kawowa. Ana bukatar wutar lantarki. Akwai ƙura wajen guga, dole a rufe hanci da ido. Kuma kuɗi ba sa zuwa da wuri, sai hannu ya faɗa, likitoci sun yarda da mutum.

Amma babbar matsalar tana gidajenmu. Yaro zai shiga babbar sakandare, ba mu tambayi ajin da aka sa shi ba, sai ya gama mu ji ashe bai yi Kimistiri ba, ƙofa ta riga ta rufe. Daga nan sai acaba ko zaman bakin titi wajen 'yan canji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Kowane uba ya koma gida yau ya tambayi ɗansa ko 'yarsa darussan da suke ɗauka. Kwamitin ilimi ya nemi izinin asibiti a kai yaranmu na ajin kimiyya su ga wannan ɗaki da idonsu. Sannan ƙungiya ta zaɓi yara biyu, namiji da mace, ta ɗauki nauyinsu tun daga kuɗin fom har su gama. Mu 'yan goro mun yi shawara a tsakaninmu, mun ɗauki kuɗin fom ɗin su biyun, muna jiran 'yan shanu da 'yan canji su faɗi nasu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.