Cutar Kwamfutar Gida: Maganinta da Rigakafinta

Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu



Abin da ya tara mu yau shi ne batun kwamfutar da ke gidajenmu. Kun sani a zamanin da, takardun ƙasa a adaka a kan ajiye su, kuma ba su da abokin gaba sai gara da gobara da ɗigar ruwa. Yanzu kuwa wasiƙun da a kan rubuta zuwa fadar Sarki, da takardun gonaki da filaye, da lissafin rabon gado, da yawansu suna cikin kwamfuta, sau da yawa ma wadda malami ke tafiya da ita gida, yara su yi wasa da ita da dare. To, ita ma tana da tata garar, watau muguwar manhaja, wadda aka fi sani da bairos. Takardun nan kuwa amanar talakawa ce, in sun ɓace ko sun faɗa hannun mugu, sunan Hakimi za a kira.

Mece ce muguwar manhaja?

Ba iska ce ke kawo ta ba, ba kuwa tsufan na'ura ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta ta da gangan domin ta yi aikin da mai kwamfuta bai sa ta ba. Wata tana manne wa fayil ta hayayyafa. Wata tana bin intanet daga na'ura zuwa na'ura ba da kowa ya taɓa komai ba. Wata ta kan zo da siffar abu mai amfani, sai an buɗe mata ƙofa ta nuna halinta. Wata ta kan laɓe tana rubuta duk abin da aka buga, har da kalmar sirrin banki, ta aika wa maigidanta. Wadda ta fi muni ita ce mai kulle takardu duka ta ce sai an biya kuɗin fansa.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1986 waɗansu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wadda ake kira Brain, tana bin faifan ajiya daga hannu zuwa hannu. A watan Mayu na 2000 wata ta fito daga Manila ta ƙasar Filifin da siffar wasiƙar soyayya ta imel. Duk wanda ya buɗe abin da aka liƙa mata, sai ta aika kanta ga dukan waɗanda ke cikin littafin adireshinsa, da sunansa, har ta kama miliyoyin na'urori cikin 'yan kwanaki. Ran 12 ga Mayu 2017 kuma WannaCry ta ɓarke, ta kulle kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe kamar 150, tana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000. Abin lura a nan shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar nan. Waɗanda suka sa gyaran sun tsira, waɗanda suka yi jinkiri su ne aka kama. Gaskiyar masu iya magana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙofofin da take shigowa

A ƙasarmu ƙofa ta fari ita ce filashi, wanda a kan kai shagon buga takardu a dawo da shi gida. Kwamfutar shago tana karɓar filashin mutane da yawa kowace rana, saboda haka kamar rijiyar kasuwa take, kowa da gugansa. Ta biyu, manhajar sata da a kan sauko da ita kyauta, ko wadda mai gyara ya zuba ba a san asalinta ba. Ta uku, saƙon imel ko na WhatsApp mai cewa an ci kyauta, ko an rufe asusun banki, a danna nan da gaggawa. Ta huɗu, na'urar da aka daina yi wa gyara. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, ta kuma sa 14 ga Oktoba 2025 ta zama ranar ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10.

Alamunta

In kwamfuta ta yi nauyi ba dalili, ko tallace-tallace suna faɗowa a allo, ko data tana ƙarewa ba a yi aiki ba, ko manhajar tsaro ta mutu ta ƙi tashi, ko abokai suka ce sun sami saƙo daga gare ka wanda ba kai ka aika ba, to, a bincika. Amma fa a sani, wadda aka aiko sata ba ta son a ji motsinta, saboda haka lafiyar da ake gani a ido ba shaida ba ce.

Yadda za a fitar da ita

Na ɗaya, a raba na'urar da intanet nan take, a zare duk filashin da ke jikinta. Wannan shi ne killace mara lafiya, ya hana cutar yaɗuwa, ya kuma yanke hanyar da ɓarawo ke karɓar abin da ta sato.

Na biyu, kada a buga wata kalmar sirri a kanta. A sami wata na'ura mai lafiya a sake kalmomin sirri, a fara da na imel, gama ta imel ne a kan buɗe sauran. In an taɓa shiga banki da ita, a sanar da bankin a ranar.

Na uku, a sa manhajar tsaro ta bincike na'urar gaba ɗaya. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu, Microsoft Defender, ba a biyan ko kwabo. A cikinta akwai bincike na musamman wanda ke kashe kwamfutar ya tashe ta ya duba ta tun Windows ba ta gama farkawa ba, yana ɗaukar kamar minti 15. Amfaninsa shi ne, ya kan tarar da cutar tun ba ta sami damar ɓuya ba. Abin da aka kama a goge shi, sa'an nan a sake bincike har a ga ba saura.

Na huɗu, a duba jerin manhajojin da ke ciki, da ƙare-ƙaren da aka liƙa wa manhajar shiga intanet, a cire duk wanda ba a san wanda ya sa shi ba.

Na biyar, in cutar ta ƙi fita ko tana dawowa, a kwashe takardu da hotuna kaɗai, ban da manhajoji, a share na'urar ƙaƙaf, a zuba Windows ta gaskiya sabuwa. In za a kai wa mai gyara, malami ya zauna a yi aikin a gabansa, gama asirin jama'a ne a ciki.

Akwai cuta biyu da ke bukatar ƙarin bayani. Ta filashi ta kan ɓoye takardu ta bar hotunansu masu 'yar kibiya a gindi. Kada a danna su, dannawar ce ke tashe ta. Takardun suna nan ba su ɓace ba: a wanke filashin da manhajar tsaro, a umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, za a gan su. Mai neman fansa kuwa, shawarar hukumomin tsaro ita ce kada a biya, domin ba tabbas ɓarawo zai cika alkawari. Tun 2016 'yan sandan Turai da na Holan, tare da waɗansu kamfanonin tsaro, suka buɗe shafin No More Ransom, inda a kan sami mabuɗan waɗansu irin kullen nan kyauta. A ajiye takardun da aka kulle, kada a goge su, ko mabuɗinsu zai fito daga baya.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha. A bar Windows da sauran manhajoji su riƙa karɓar gyara da kansu, kada tsoron ƙarewar data ya sa a hana su. Manhajar tsaro guda ɗaya mai aiki ta isa, biyu su kan yi karo da juna. Kowane filashi a bincike shi kafin a buɗe. A sa kwamfuta ta riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil, gama wasiƙar nan ta 2000 da ɓoye ƙarshen sunanta ta ruɗi mutane suka ɗauka takarda ce. Yara a buɗe musu nasu asusun a cikin na'urar, wanda ba shi da ikon zuba manhaja. Kalmar sirri ta zama doguwa, kowane wuri da tasa, a kuma haɗa da lambar tabbatarwa ta waya. Lambar sirrin kati da lambar da banki ke aikowa ta waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.

Babbar garkuwa duka ita ce kwafi. Kowace takarda mai muhimmanci ta zama tana wuri uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya, ɗaya a wani gida dabam ko ma'ajiyar intanet. Faifan kuwa a zare shi da zarar an gama kwafi, domin in yana manne cutar za ta kulle shi tare da uwar. Malami ya tsai da rana guda kowane mako don wannan aiki. Takardun filaye da na gado kuma a buga su a takarda a adana yadda aka saba.

Daga ƙarshe, Ranku ya daɗe, a Nijeriya akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yin kutse da yaɗa irin wannan cuta da gangan. Wanda aka cuta kada kunya ta hana shi kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hukumar EFCC. Muna roƙonku ku isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar ga jama'a, musamman 'yan makaranta da masu shagunan buga takardu, gama kwamfuta ɗaya mai cuta ta isa ta harbi gari.

Allah ya ja zamanin Sarakunanmu, ya ba mu ikon riƙon amana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Haza wassalam.