Dokar sanar da iyaye a Amurka: wa ke biyan kuɗin?



Ɗan kasuwa ya san babu hajar da ba ta da farashi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san haka doka take. A jihohin Amurka da dama, doka ta hana likita zubar da cikin yarinyar da ba ta cika shekara 18 ba, sai da sanin iyayenta ko yardarsu. Manufar ita ce kare martabar iyali. To, amma wa ke biya?

A 1979, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihar da ta shardanta yardar iyaye, dole ta bar wa yarinya hanyar zuwa gaban alƙali. Zaman kotun nan daga baitulmali ake biyansa, haka ma lauyanta a jihohi da yawa.

A jihar Texas, dokar sanarwa ta fara aiki a 2000. Wani bincike na 2006 ya nuna zubar da ciki ya ragu da kashi 16 cikin 100 tsakanin ƴan shekara 17. Sai dai cikin waɗanda suka kusa cika 18, wasu sun jinkirta har ciki ya yi nisa, wasu kuma sun haihu. Haihuwa kuwa, kimanin 4 cikin 10 a Amurka asusun gwamnati na Medicaid ke ɗaukar nauyinta. Ga kuma karatun da ya yanke.

A 2022, jihar Illinois ta soke tata dokar, Texas kuwa ta hana zubar da ciki kusan baki ɗaya. Kowace da hanyarta. Amma majalisar da za ta kafa doka, wajibi ne ta fara gaya wa masu biyan lanho nawa za ta ci.